Kwamfutar Da Ta Ƙi Mantawa Da Ni



Duk wanda ya taɓa karanta littattafaina ya san da wuya ya kai ƙarshe bai ci karo da wurin da saurayi zai yi tafiya ba, budurwa ta rako shi har zaure, idanunta sun kaɗa sun yi jawur, ta ce masa don Allah duk inda ya shiga ya tuna da ita. Na fi shekara 20 ina cin abinci da wannan magana. Na sa an faɗe ta a tasha, na sa an rubuta ta a wasiƙa, da wayar hannu ta zo na sa an tura ta a tes. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai ranar da zan kwana ina juyi a kan katifa ina cewa ina ma an manta da ni ba, sai a daminar 2018. Da na so in bar labarin nan a cikina, mai karatu, domin akwai wautata a ciki, to amma na lura ramin da na faɗa yana nan a buɗe yana jiran wasu.

Da farko ya kamata ka san cewa rubutu shi kaɗai bai taɓa riƙe gidana ba. Wanda ya san harkar ya san yadda take: ka ci bashi ka buga littafi, ka kai wa 'yan kasuwa a Bata, su karɓa su ce ka dawo, kuɗinka su riƙa fitowa kamar ana tatsar akuya da rani. Saboda haka tun da na gama sakandare, wadda a nan bokona ya tsaya, nake aikin kamfani. Gado na yi, domin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a wata masaƙa ya yi aiki a Bompai. Ni kuma na fara ne da wani kamfanin jima a Challawa, inda warin fata ke bin mutum har cikin motar haya, ka ga fasinja suna matsawa suna toshe hanci. Daga nan Allah Ya ɗaga ni na koma Sharada, wani kamfanin roba mai yin bokiti da buta da kujeru, na zama akawun sito, a hankali har na kai babban akawu. Da rana in ƙirga kaya, da dare in zauna in haɗa masoya.

Shekara da shekaru da babban littafi da biro muke aiki. Kaya suka shigo a rubuta, suka fita a rubuta, a sa hannu, a yage takarda a ba direba ya nuna a get. A 2017 ɗan mai kamfanin ya dawo daga karatu, ya ce wannan aikin ƙauyanci ne, aka ɗauko wani matashi da muke kira Injiniya, ya gina mana shafi a intanet wanda za a riƙa shigar da komai a ciki. Gaskiya abin ya yi kyau, domin Manaja yana zaune a gidansa zai ga buhu nawa ya rage a sito. Kowane akawu aka ba shi sunansa da kalmar sirrinsa, aka kuma raba iko. Abokan aikina biyu suna iya rubuta bokiti da buta da suka fita, amma buhunan ƙwayar roba, wato ɗanyen kayan da ake narkawa, waɗanda su ne tsadar sito, ba mai iya ba da izinin fitarsu sai ni ko Manaja.

Matsalar ita ce kwamfuta ɗaya ce tal a sito, mu kuma mu uku ne, mai dutin safe da na yamma da na dare. Ga kalmar sirrin da Injiniya ya tilasta mana, sai da babban baƙi da lamba da wata alama mai kama da ƙugiya. Ga wuta, wadda duk wanda ya yi aiki a Sharada ya san halinta. Da an ɗauke, kafin a tayar da janareto kwamfuta ta mutu, sai ka sake kunnawa, ka sake shigar da suna da kalmar sirri, direbobi kuma sun yi layi a taga suna cewa, "Malam, rana fa tana yi." Wata rana sai da na shigar sau shida kafin azahar. A ƙarƙashin wurin da ake rubuta kalmar sirrin akwai wani ɗan akwati, kusa da shi an yi rubutu da Turanci, ma'anarsa "ka tuna da ni". Rannan cikin haushi na danna shi, alamar maki ta fito. Tun daga ranar, ko an ɗauke wuta sau goma, da na buɗe shafin sai in ga sunana a sama yana jirana. Har na yi wa kaina kirari, na ce ashe sauƙi yana nan muna ta wahala.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa a nan domin ka gane yadda aka yi. Manhajar buɗe shafukan intanet, wadda ake kira burauza, iri biyu ce a kwamfutar. Abokan aikina da ɗaya suke amfani, ni kuma da ɗayar, wadda na saba da ita tun zamanin da muke zuwa kafe muna sayen awa. To kowace burauza da ajiyarta daban. Su suna shiga suna fita a tasu, ni kuma tawa in na tashi sai dai in rufe ta kawai, ban taɓa danna wurin da aka rubuta "fita" ba. A tunanina rufewa da fita duk ɗaya ne.

Ana gab da azumi, a watan Mayu na 2018, akawun ma'ajiyarmu ta Bompai ya kwanta rashin lafiya, aka ce in je in riƙe wurin. Manaja ya ce shi zai riƙa ba da izinin ƙwayar roba kafin in dawo. Na miƙa makullai, na yi sallama da kowa, na tafi. Muka yi azumi, muka yi salla, ban ko leƙa Sharada ba.

A ƙarshen Yuli aka yi mini waya aka ce in zo Manaja yana nemana yanzu-yanzu. Ina shiga ofis na ga fuskoki babu annuri, gabana ya faɗi. Ko amsa gaisuwata bai gama ba ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajena.

"Malam, sunan wa ke nan?"

Na duba na ce, "Nawa ne, yallaɓai."

"To buhu 40 na ƙwayar roba sun fita daga sito a dare uku daban-daban, an rubuta wai Bompai aka kai su. A Bompai ba su isa ba. Kuma kai ka ba da izini."

Kowane buhu kilo 25 ne, ka ga tan guda cur ke nan. Na ji ƙafafuna suna neman gaza ɗaukata. Na rantse masa da Allah ban san zancen ba. Ya ce to wa na ba kalmar sirrina? Na ce ko matata ba ta san ta ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya yi shiru yana kaɗa biro, sannan ya ce, "In ba a gano bakin zaren ba, maganar nan Bompai za ta." Duk ɗan Kano ya san abin da ake nufi, domin a can hedikwatar 'yan sanda take. Ni kuma don ruɗewa sai na ce, "Yallaɓai, ai daga Bompai nake." Babu wanda ya yi dariya. Aka ba ni takardar dakatarwa ta mako guda.

Ba zan manta wannan makon ba. Uwargida ta kawo abinci na kasa ci, ta ce, "Baban yara, lafiya?" Na ce mata zazzaɓi ne, sai da ta ga kwana biyu ban fita ba sannan na faɗa mata. Kuɗin haya da na makaranta suna raina, amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne suna. Ni ne fa a kowane littafi nake sa azzalumi ya ga ƙarshensa, nake rufewa da nasiha a kan amana. Na riƙa hango ranar da za a ce a majalisar marubuta, ai wane buhu 40 ya kwashe. Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, na san ban yi ba, amma ga sunana ɓaro-ɓaro, kuma mutane sun riga sun yarda cewa kwamfuta ba ta ƙarya.

A rana ta huɗu Injiniya ya kira ni ya ce mu haɗu a sito. Na same shi ya buɗe wani baƙin allo mai cike da ƙananan rubutu, ya ce mini a nan ake ajiye tarihin duk abin da aka yi a shafin. Ya daɗe yana bi da yatsa, can sai ya ɗago.

"Malam, yaushe rabonka da rubuta kalmar sirrinka a wannan kwamfutar?"

Na ce wallahi na manta.

"Tun Fabrairu. A dararen nan uku ba wanda ya rubuta kalmar sirri. Shafin buɗewa kawai ya yi da sunanka." Ya buɗe ɗayar burauzar, sai ga sunana a sama, kamar jiya na tashi. Ya ce, "Ka taɓa danna wannan ɗan akwatin?"

Na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi.

A nan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da zan maimaita maka iya yadda na fahimta. Ya ce asalin intanet ba ta da tunani. Duk lokacin da ka danna wani abu, babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda suke kira saba, kallon baƙo take yi maka, ko da yanzu kuka rabu. Domin maganin haka, a 1994 wani ma'aikacin kamfanin Netscape a Amurka mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro dabarar da ake kira kuki, sunan wani ɗan biskit ne na Turawa. Idan ka shigar da suna da kalmar sirri daidai, saba za ta ba burauzarka wata 'yar shaida, dogon jerin baƙaƙe da lambobi. Duk lokacin da burauzar ta koma sai ta nuna shaidar, saba ta ce shigo. Ba ta ganin fuska, ba ta jin murya. Duk wanda ya zo da shaidar, a wajenta kai ne.

Ya ce shaidar iri biyu ce. Akwai wadda ba a rubuta mata wa'adi ba, ita da an rufe burauza ya kamata ta mutu, kodayake wasu burauzoji in an saita su su dawo da shafukan jiya sukan dawo da ita ma. Akwai kuma mai wa'adi, wadda ake adanawa a cikin kwamfutar, ko an kashe, ko an ɗauke wuta, tana nan. Ita ce ɗan akwatin nan yake nema maka. Wa'adin kuwa wanda ya gina shafin ne yake rubuta shi, ko dai ya sa ranar da za ta mutu, ko ya sa adadin sakan ɗin da za ta rayu. In ya rubuta 28,800, awa 8 ke nan. In ya rubuta 1,209,600, mako biyu. In ya rubuta 2,592,000, kwana 30. Lamba ce kawai a layi ɗaya.

Na ce, "To tawa nawa ka rubuta?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam, ban rubuta komai ba. Kayan aikin da na yi ginin da su da wa'adinsu suka zo, ni kuma ban duba ba. Jiya na duba. Shekara 5 ne."

Shekara 5! Wato da na bar aikin, ko na mutu, sunana zai ci gaba da zama a sito yana ba da izini har 2023. Na so in yi masa faɗa, sai na tuna hannun wa ya danna akwatin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya ƙarasa wanke ni kuwa tsohon littafin takarda ne. Baba maigadi, dattijon da ya fi kowa daɗewa a kamfanin, bai taɓa barin littafinsa na get ba duk da zuwan kwamfuta. Aka ɗauko, aka ga tun kafin azumi ban shiga harabar ba, aka ga lambar motar da ta fita a dararen nan da sa'ar da ta fita. Kafin la'asar magana ta fito. Akawun dare ne da wani direba. Mutumin da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, wanda na je sunan 'ya'yansa biyu.

Daga baya, da manya suka shiga aka sasanta a kan zai biya a hankali kuma ya bar aikin, ya zo har gida neman gafara. Abin da ya faɗa mini ya fi satar tsaya mini a rai. Ya ce wani dare tasu burauzar ta ƙi buɗewa, ya gwada ɗayar, sai ya ga sunana. Ya rufe da sauri. Bayan mako ya sake dubawa, yana nan. Ya ce wata guda cur yana buɗewa yana kallo yana rufewa, ga bashi ya sha masa kai, har ranar da ya kasa rufewa. Ban ce ba shi da laifi ba, baligi ne ya san abin da ya yi. Amma na yi ta tunanin da a ce shaidar nan ta mutu a daren farko, ko a makon farko, da yau yana bakin aikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni da Injiniya muka tsaga bangon.

Da ƙura ta lafa aka kira taro a kan tambaya ɗaya: kwana nawa ya kamata shafin ya riƙa tuna mutum? Ban taɓa zaton lamba ɗaya za ta iya haɗa mutane faɗa haka ba. Ɗan mai kamfani ya ce a cire akwatin gaba ɗaya, kuma duk minti 5 a sake tambayar kalmar sirri. Sabon akawun dare ya ce in aka yi haka wallahi rubuta ta zai yi a takarda ya manna a jikin kwamfutar, don ba zai iya da masifar direbobi ba. Manaja kuma, wanda shi ya fi kowa zafi a kaina, ya ce shi dai a wayarsa kada a dame shi, don yana duba sito sau ashirin a rana.

Injiniya ya kawo misalan abin da wasu suke yi. Ya ce WordPress, manhajar da ake gina ɗimbin shafuka da ita, in ka danna irin akwatin nan kwana 14 take ba ka, in ba ka danna ba ba za ka wuce kwana 2 ba. Django, wani kayan ginin shafuka, shi ma mako biyu yake zuwa da shi. Ya ce hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, a ƙa'idojin da ta fitar a 2017 hawa uku ta yi: abin da ba shi da haɗari sosai a sake tantance mutum aƙalla duk kwana 30, na tsakiya duk awa 12 ko kuma in ya yi minti 30 bai taɓa komai ba, mafi haɗari awa 12 ko minti 15 na zama shiru. Manaja ya ce to mu a wane hawa muke? Aka sake kaurewa, aka tashi ba a cimma komai ba.

Muka fito ni da Injiniya muka zauna wajen mai shayin bakin get muna ta maimaita zancen. Baba maigadi yana gefe a kan bencinsa yana jinmu. Can ya ce, "Yaro, ni ban san kwamfuta ba. Amma ni a ƙofar nan ba wa'adi ɗaya nake ba kowa ba. Leburan wuni in ya shigo da safe na ba shi kati, da yamma zai dawo mini da shi. Direba takardarsa ta fita ɗaya ce, ya fita na soke ta. Ma'aikaci katinsa na shekara ne. Kuma ko Manaja ne, in zai fita da kaya sai na ga takarda."

Injiniya ya ajiye kofinsa ya ce, "Baba, maimaita."

Abin da aka yi ke nan, kuma shi ake bi har na bar sito. Kwamfutar sito, tunda ta kowa ce, aka cire mata akwatin nan, shaidarta ba ta wuce awa 8, tsawon duti ɗaya, kuma in aka yi minti 15 ba a taɓa ta ba sai ta kulle. Don kada direbobi su cinye mu, aka sayo mata ɗan batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, wanda da tun farko an saya da ban danna komai ba. Wayar Manaja, tunda a aljihunsa take kwana kuma tana da makullinta, aka ba ta kwana 14. Izinin fitar da ƙwayar roba kuwa, ko wane ne kai, ko yanzu ka shiga, sai ka sake rubuta kalmar sirri.

Injiniya ya ƙara wasu abubuwa uku da ya ce in babu su lambar banza ce. Na farko, agogo biyu ake sawa, ɗaya yana sabuntawa duk lokacin da ka yi amfani da shafin, ɗaya kuma ba ya sabuntawa ko me ka yi. In na farkon kaɗai aka sa, wanda ya tsinci shaidarka zai iya raya ta har abada ta hanyar leƙawa kullum, kamar yadda abokina ya riƙa yi. Na biyu, ita ma saba dole ta rubuta wa'adin a wajenta, domin ranar da ke cikin burauza umarni ne ga burauzar kawai, wanda ya kwafe shaidar ya kai ta wata kwamfutar bai damu da shi ba. Na uku, ya yi wani maɓalli da Manaja zai danna ya kashe duk shaidun mutum a ko'ina suke, ranar da aka canza masa wurin aiki, ko ya tafi hutu, ko ya sake kalmar sirri.

A ranar da ya gama na ga yana ta sauri yana neman adaidaita sahu. Na ce ina zuwa? Ya ce Challawa, akwai kamfanonin jima biyu da ya gina wa irin wannan shafin, da irin wannan shekara 5 ɗin. Na raka shi, don dama na daɗe ban ga unguwar ba. Warin yana nan yadda na bar shi. A ɗaya daga cikinsu, da ya duba, ya tarar da shaidar wani akawu da ya bar aiki tun bara tana nan da ranta. Ba wanda ya taɓa ta, Allah ne kawai Ya tsare.

Daga baya na fahimci ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2022 masu burauzar Chrome suka sa iyaka, ko mai shafi ya rubuta shekara nawa, ba za ta riƙe kuki fiye da kwana 400 daga ranar da aka ba ta shi ba. To amma kwana 400 ɗin ma ai ya ishi mai buhu 40. A watan Maris na 2023 kuma aka ƙwace tashar Linus Tech Tips a YouTube, tashar masana kwamfuta ce a Kanada mai miliyoyin mabiya, ba tare da ɓarayin sun san kalmar sirri ba. Wani fayil mai cuta aka turo, wani ma'aikaci ya buɗe, aka kwashe irin wannan shaidar daga burauzarsa. Da na ji haka na ce to ni ɗan sakandare ai ba ni da abin kunya sosai.

Saboda haka, mai karatu, musamman 'yan uwana marubuta da ke kai aiki shagunan buga takardu, da masu aron wayar ƙawa su leƙa Facebook, da masu kai waya Farm Centre su sayar ko su gyara, kafin ka danna ɗan akwatin nan ka tambayi kanka wa zai zauna a wurin nan bayan ka tashi. In na'urar ba taka ba ce kai kaɗai, kada ka danna, kuma in ka gama ka nemi "fita" ka danna, rufewa ba ta isa ba. Facebook da Gmail duk suna da wurin da za su nuna maka na'urorin da sunanka yake buɗe a cikinsu, ka shiga ka duba, wadda ba ka gane ba ka kore ta. Kai kuma mai gina shafi, don girman Allah ka buɗe layin nan ka ga lambar da ke ciki, ka je ka ga ɗakin da za a yi amfani da shi da mutum nawa ke zama a kujerar, sannan ka zaɓi lambar da hannunka.

Akwai wani abu da mahaifina ya sha ba mu labari muna yara. Ranar da aka sallame su daga masaƙa, a bakin get aka karɓe katinsa. Bayan kwana biyu ya koma ɗauko butarsa da ya manta, maigadin da suka yi shekaru suna gaisawa ya tare shi, ya gaishe shi da girmamawa, sannan ya ce, "Wajen wa ka zo?" Sai da aka haɗa shi da ɗan rakiya. Har ya rasu abin yana yi masa ciwo, ni ma na tashi ina ganin rashin mutunci ne, har na taɓa sa irin wannan maigadin a wani littafina na ba shi mummunan ƙarshe. A makon da na yi a gida ina jiran a kai ni Bompai na tuna da shi, na kuma nemi gafararsa a zuciyata. Duk abin da ya ɓace a masaƙar nan bayan ranar, ba wanda ya isa ya ce mahaifina ne.

Yanzu kullum da safe sai na rubuta kalmar sirrina, da babban baƙinta da ƙugiyarta, wani lokaci in yi kuskure in sake. Nakan yi tsaki, ba na musu. Masoyan cikin littattafaina kuma suna nan suna ta roƙon a tuna da su har abada, ban hana su ba, su ba su da sito.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu. Wassalam.